Hasashen laifi da bayanan intanet: tambayoyi da amsoshi

Kusan duk abin da mutum ya yi da wayarsa yana barin sawu: inda ya je, wanda ya kira, abin da ya wallafa, hoton da ya saka. Hukumomin tsaro a ƙasashe da yawa sun ga cewa idan aka tara wannan sawu wuri ɗaya, aka ba kwamfuta ta tace, wataƙila za a san inda laifi zai auku, ko wanda zai aikata shi, tun kafin a kai ga zubar da jini. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan haka, da amsoshinsu gwargwadon abin da ya faru a wuraren da aka gwada.

Me ake nufi da hasashen laifi?

Iri biyu ne, kuma raba su yana da muhimmanci, domin nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko hasashen wuri ne. Manhajar da ta fi suna a nan ita ce PredPol, wadda ta fito daga binciken da malaman Jami'ar Kalifoniya suka yi tare da 'yan sandan Los Angeles. Sun ari lissafin da masana girgizar ƙasa ke amfani da shi. Kamar yadda babbar girgiza ke jawo ƙananan girgiza a kusa da ita, haka fashin gida ɗaya ke jawo wasu a unguwar cikin 'yan kwanaki. An riƙa ba manhajar abu uku, irin laifin da wurinsa da lokacinsa, ita kuma ta zana akwatuna a taswira, kowanne kimanin mita 150 tsawo da faɗi, ta ce a tsananta sintiri a nan.

Na biyu hasashen mutum ne. Birnin Shikago ya yi jerin sunayen waɗanda lissafi ya ce za su iya harbin wani ko a harbe su, aka ba kowa maki daga 0 zuwa 500. A 2013 sunaye 426 ne a jerin farko. Bayan 'yan shekaru waɗanda aka ba maki sun kai kusan 400,000.

Wane irin bayanai ake tarawa, kuma daga ina?

Tushen dai kundin 'yan sanda ne: wanda aka kama, wanda aka tsayar a hanya, kiran gaggawa. Abin da intanet ta ƙara shi ne rubuce-rubucen kafafen sada zumunta, jerin abokan mutum, hotuna, da tarihin wuraren da wayarsa ta shiga.

Hanyar da bayanan ke bi su isa hannun hukuma ita ce ta fi damuna. A 2016 ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta bankaɗo cewa wani kamfani mai suna Geofeedia yana sayar wa 'yan sanda damar bibiyar abin da masu zanga-zanga ke wallafawa, har da zanga-zangar Baltimore ta 2015. Da maganar ta fito, Facebook da Instagram da Twitter suka toshe wa kamfanin hanya. Kamfanin Clearview AI kuwa ya kwashe biliyoyin hotunan fuskoki daga intanet ba tare da izinin masu su ba, yana sayar wa hukumomi damar gane mutum da hoto ɗaya. Italiya da Faransa da Girka kowacce ta ci shi tarar Yuro miliyan 20 a 2022.

Akwai kuma dillalan bayanai. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 2018 cewa sai da izinin alƙali 'yan sanda za su karɓi tarihin wuraren da wayar mutum ta je daga kamfanin sadarwa. Amma manhajoji da yawa na waya suna sayar da irin wannan bayani ga dillalai, wasu hukumomin kuma sai su saya da kuɗi. Abin da doka ta hana a karɓa ta ƙofa, sai a shigo da shi ta taga.

Ai rigakafi ya fi magani. Idan abin yana ceton rai, mene ne aibinsa?

Idan yana ceton ran, to lallai muhawara ce mai wuya. Sai dai kafin a kai can, a fara tambaya ko yana aikin. Shaidar da ke hannu ba ta da ƙarfi.

Cibiyar bincike ta RAND ta nazarci jerin farko na Shikago a 2016. Ba ta ga alamar cewa ya rage kisa ba, bai kuma kare waɗanda ke cikinsa daga harbi ba. Abin da ya canza kawai shi ne sun fi saurin shiga hannu idan an yi harbi. A ƙarshen 2019 birnin ya rufe shirin. A 2023 'yan jaridar The Markup suka duba hasashe 23,631 da Geolitica, sabon sunan PredPol, ya yi wa garin Plainfield na jihar New Jersey. Waɗanda suka dace da laifin da aka kai rahotonsa ba su kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Los Angeles ta daina amfani da manhajar a 2020. A shekarar ce kuma Santa Cruz, wadda tana cikin biranen farko da suka rungumi tsarin, ta haramta shi.

Haka abin yake a fannin ta'addanci. Bayan da Edward Snowden ya tona asirin leƙen da gwamnatin Amurka ke yi wa jama'a a 2013, wata hukumar gwamnati mai kula da kare sirri da 'yancin jama'a ta duba shirin tara bayanan kiran wayar miliyoyin mutane. A rahotonta na 2014 ta ce ba ta samu ko da misali ɗaya ba inda shirin ya kawo canji na zahiri a wani binciken ta'addanci. An ɗebi sirrin jama'a da yawa, kwalliya kuma ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Kwamfuta ba ta da ƙabila ko addini. Ta yaya za ta nuna wariya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cancantar a tsaya a kanta. Kwamfuta ba ta ganin laifi. Abin da take gani shi ne laifin da aka rubuta. Kundin 'yan sanda kuwa ba hoton duk abin da ya faru a gari ba ne, hoton inda 'yan sanda suka duba ne. Unguwar da aka shekara ashirin ana yi mata sintiri dare da rana dole kundinta ya cika. Unguwar da ake shan ƙwaya a bayan dogayen katangu, kundinta fari fat.

Masu bincike biyu, Kristian Lum da William Isaac, sun gwada wannan a 2016. Suka ɗauki bayanan kamun masu ƙwaya na birnin Oakland suka zuba a lissafin PredPol. Alƙaluman kiwon lafiya sun nuna shan ƙwaya ya bazu a ko'ina cikin birnin, tsakanin farare da baƙaƙe kusan daidai. Amma manhajar ta riƙa tura 'yan sanda unguwannin talakawa, ta yadda baƙar fata zai gamu da sintirin kusan ninki biyu na farar fata. Daga nan abin ke cin kansa. An tura jami'ai unguwa, sun yi kamu, an shigar da kamun cikin kwamfuta, gobe kwamfuta ta ce ai ga shi na faɗa, a ƙara tura wasu. Zargin jiya ya zama hujjar yau, kuma yanzu yana sanye da rigar lissafi, wadda ta fi wuyar musantawa fiye da bakin ɗan sanda.

A Landan, bayan tarzomar 2011, rundunar 'yan sanda ta buɗe kundin waɗanda take zargi da shiga gungun 'yan daba. Daga cikin abin da ake dubawa har da abokan matashi a intanet da bidiyon waƙoƙin da ya fito a ciki a YouTube. Amnesty International ta gano a 2018 cewa kashi 78 cikin ɗari na sunayen baƙaƙe ne, alhali alƙaluman rundunar kanta sun nuna kashi 27 ne kawai na masu aikata mummunan tashin hankalin matasa baƙaƙe. Akwai yaro ɗan shekara 12 a ciki. An kuma riƙa raba bayanan da hukumomin gidaje da makarantu da ofisoshin neman aiki, ma'ana an shafa wa yaro kashin kaji a duk ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ce an karya doka, sai a 2024 aka rufe kundin.

Cire ƙabila daga cikin bayanan ba ya warware matsalar. Adireshi, sunan makaranta, jerin abokai, duk suna faɗin abin da aka goge.

To idan aka inganta manhajar ta riƙa dacewa kashi 99 cikin ɗari fa?

A yi lissafi na misali. A ce gari yana da mutum miliyan ɗaya, ɗari daga cikinsu suna shirin mugun aiki. Manhaja mai dacewa kashi 99 za ta gano 99 daga cikin ɗarin. Madalla. Amma kuskuren kashi ɗaya a kan sauran mutum 999,900 ya kai kusan 10,000. Kenan a duk mutum ɗari da ta nuna da yatsa, ɗaya ne mai laifi, 99 ba su ji ba ba su gani ba. Duk abin da ba kasafai yake faruwa ba, haka hasashensa yake, kuma babu wata manhajar hasashen halin ɗan Adam da ta kusanci wannan kashi 99 ɗin ma. Waɗannan dubu goma mutane ne masu iyali da aiki, kuma kowane awa da jami'i ya ɓata a ƙofarsu an ɗebe shi ne daga binciken laifin da ya riga ya faru.

Abin da mutum ya wallafa da hannunsa ai ya fitar da shi fili. Ina sirri a nan?

Mutum yana magana ne da wasu mutane a wani yanayi. Abin da ya faɗa cikin raha da abokansa, ma'anarsa tana tare da su. Idan aka cire maganar daga wurinta aka miƙa wa na'ura, raha da barazana suna iya zama abu ɗaya. A 2010 wani matashi a Ingila ya fusata don dusar ƙanƙara ta sa an rufe filin jirgi, ya rubuta a Twitter cikin wasa cewa zai tarwatsa filin. Aka kama shi, kotu ta same shi da laifi, ya rasa aikinsa, sai a 2012 babbar kotu ta wanke shi. A 2017 wani Bafalasɗine magini ya saka hotonsa jingine da motar tone ƙasa, ya rubuta gaisuwar safiya da Larabci. Fassarar na'ura ta Facebook ta mayar da ita umarnin kai hari. 'Yan sandan Isra'ila suka kama shi ba tare da wani mai jin Larabci ya karanta rubutun ba, suka sake shi bayan sa'o'i, kamfanin ya nemi afuwa. Idan haka ta faru da Larabci, harshen ɗaruruwan miliyoyin mutane, masu magana da harsunan da na'ura ba ta ƙware a kansu ba su ne suka fi kowa shiga haɗari, musamman inda ake magana da habaici da zaurance.

Sannan akwai bambanci tsakanin abu ɗaya a fili da dubun abubuwa a haɗe. Maƙwabcinka ya san lokacin da kake fita. Likitanka ya san ciwonka. Abokinka ya san ra'ayinka na siyasa. Babu ɗayansu da ya san duka. Wanda ya haɗa su wuri ɗaya ya mallaki wani abu da ba ka taɓa ba kowa ba.

Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Wanda ba shi da abin ɓoyewa, me zai tsorata?

Karin maganar gaskiya ce idan mai cewa as ɗin ba ya kuskure kuma ba ya zalunci. A gundumar Pasco ta jihar Fulorida, ofishin shugaban 'yan sanda ya yi jerin waɗanda lissafi ya ce za su iya zama masu laifi, har da yara. Jaridar Tampa Bay Times ta bayyana a 2020 yadda jami'ai ke zuwa gidajensu a kai a kai, wani lokaci cikin dare, ba da takardar kotu ba, suna cin iyaye tara saboda ciyawa ta yi tsawo ko babu lamba a akwatin wasiƙa. Iyayen nan ba su ɓoye komai ba. A 2024 ofishin ya amince a sulhun kotu cewa an tauye haƙƙin waɗanda suka kai ƙara.

A New York, bayan harin 11 ga Satumban 2001, wani sashen 'yan sanda ya shafe shekaru yana leƙen masallatai da shaguna da ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi. A 2012 wani babban jami'i ya shaida cewa aikin bai taɓa samar da ko zare ɗaya na binciken ta'addanci ba, aka rufe sashen a 2014. Amma kafin nan mutane sun koyi yin shiru, sun koyi zargin wanda ke kusa da su a sahu. Wannan asara ce da ba ta shiga kowane kundi.

Inda abin ya kai maƙura shi ne yankin Xinjiang na ƙasar Sin. Human Rights Watch ta warware manhajar da 'yan sandan yankin ke amfani da ita a 2019, ta ga tana ɗaukar abubuwa kamar yawan shiga gida ta ƙofar baya, ƙin cuɗanya da maƙwabta, ko shan wutar lantarki fiye da kima a matsayin alamar zargi, kuma ana tsare 'yan ƙabilar Uighur a kan irin haka. Wanda ke riƙe da kundin shi ke yanke abin da ake kira abin ɓoyewa, kuma kundi yana daɗewa fiye da gwamnatin da ta buɗe shi.

Idan wani ya rubuta ƙarara cewa zai kashe mutane, sai a zuba masa ido?

A'a, ko kaɗan. Barazana bayyananniya aiki ne da mutum ya aikata, bincikenta kuma wajibi ne. Bambancin yana nan: a ɗaya ɓangaren ana bin mutum saboda abin da shi ya yi ko ya faɗa, a ɗayan kuma saboda ya yi kama da wasu da suka taɓa yi. Na biyun kan mai uwa da wabi ne.

Abin lura, a manyan hare-hare da yawa ba bayani aka rasa ba. Kafin harbin makarantar Parkland ta Amurka a Fabrairun 2018, inda mutum 17 suka mutu, an sanar da hukumar binciken manyan laifuka ta FBI wani rubutu na barazana a YouTube tun Satumban 2017, wani kuma ya kira su a Janairu ya yi gargaɗi a kan maharin da sunansa. Hukumar ta amsa cewa ba ta bi kiran yadda ya kamata ba. Mutane ne suka gani suka faɗa. Abin da ya gaza shi ne bin diddigi, kuma ƙara tulin bayanai a kan jami'an da suka kasa ɗaukar wanda ke gabansu ba zai gyara wannan ba.

Me dokoki suka ce?

Turai ce ta fi nisa. A Fabrairun 2020 wata kotu a Hague ta dakatar da tsarin SyRI, wanda gwamnatin Holan ke amfani da shi wajen hasashen masu damfarar kuɗin tallafi a unguwannin talakawa, ta ce ya keta haƙƙin sirri. A Fabrairun 2023 Kotun Tsarin Mulki ta Jamus ta yi watsi da dokokin jihohin Hesse da Hamburg da suka ba 'yan sanda damar tace tarin bayanai da na'ura ba tare da wani haɗari takamaimai ba. Dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira, wadda haramce-haramcenta suka fara aiki a Fabrairun 2025, ta hana a auna yiwuwar mutum ya aikata laifi bisa siffofinsa da halayensa kaɗai, ta kuma hana kwashe hotunan fuska daga intanet barkatai. Ba ta hana hasashen wuri ba, kuma ba ta shafi harkar tsaron ƙasa ba. A Amurka kowane birni da jiha da nasa tsarin. A ƙasashe da dama kuwa ana sayen kayan ne kafin a yi tunanin doka.

Idan na'ura ta yi kuskure, wa za a kama da laifi?

Sau da yawa babu kowa. Jami'i ya ce kwamfuta ce ta nuna, kamfani ya ce shi shawara kawai ya bayar, kuma yadda lissafin ke aiki sirrin kasuwanci ne. A 2016 Kotun Ƙolin jihar Wisconsin ta yarda alƙali ya duba makin manhajar COMPAS, mai auna yiwuwar mutum ya sake aikata laifi, wajen yanke hukunci, duk da cewa wanda ake tuhuma ba shi da damar ganin yadda aka fitar da makin. Shaidar da ba za a iya yi mata tambaya ba, a ganina, ba ta da wuri a shari'a.

Mazauna unguwannin da laifi ya addaba su ma suna neman tsaro. Akwai hanyar da ta dace?

Akwai, kuma rashin adalci ne a yi magana kamar masu kukan sa ido ne kaɗai ke da haƙƙi. Uwar da ke tsoron aiken ɗanta bayan magariba ita ma tana da nata. Gaskiya ne laifi yana taruwa a wurare ƙalilan. Wani bincike a Minneapolis a 1989 ya nuna kusan kashi 3 cikin ɗari na adireshin birnin ne ke jawo rabin kiran 'yan sanda. Sanin waɗannan wurare ba ya buƙatar karanta saƙon kowa.

Tambayar ita ce me za a aika can. A Philadelphia an share kangon filaye aka shuka ciyawa da itatuwa, binciken da aka wallafa a 2018 ya nuna harbe-harbe sun ragu da kashi 29 cikin ɗari a kewayensu a unguwannin da suka fi talauci. A New York an gwada ƙara fitilu masu haske a wasu rukunin gidajen gwamnati a 2016, manyan laifukan dare a waje suka ragu da kusan kashi 36. Idan lissafi ya yi kuskure a irin wannan, abin da ya faru shi ne wata unguwa ta samu fitilar da ba ta fi kowa buƙata ba. Idan ya yi kuskure a jerin sunaye, wani yaro ne zai girma da tabo.

Saboda haka matsayina shi ne jerin sunayen waɗanda ba su yi komai ba bai kamata a yi shi ba sam. Hasashen wuri kuwa ana iya yarda da shi idan an gina shi a kan ƙorafin waɗanda aka cuta maimakon kamun da 'yan sanda suka yi da kansu, idan wasu masana daga waje sun gwada shi sun fitar da sakamakon kowa ya gani, idan kuma an sa masa wa'adin da za a rufe shi matuƙar bai nuna amfani ba. Shiga asusun mutum ko tarihin wayarsa ya tsaya ga izinin alƙali, a kan zargi takamaimai, ko da bayanan na sayarwa ne a kasuwa. Duk wanda aka sa sunansa a wani kundi kuma a sanar da shi, a nuna masa dalili, a ba shi ofishin da zai je da jami'in da zai amsa masa da sunansa.